Koya, Mama Killa da Pachamama: Tambayoyi da Amsoshi Kan Matan Sarauta da Iyayen Bauta a Daular Inka

Idan ana zancen daular Inka, maza ne ke cika baki: Pachakuti da ya faɗaɗa ƙasa, Atawalpa da aka kama, Pizarro da ya kama shi. Matan kuwa sai a ambace su a gurguje, kamar waɗanda suka zo rakiya. Wannan ragi yana damuna, domin su mutanen Inka ba haka suka tsara duniyarsu ba. A wurinsu kowane abu yana tafiya ne da abokin tafiyarsa, namiji da mace, tun daga sama har cikin gona.

Su wane ne Inka, kuma a ina suka yi mulki?

Mutanen tsaunukan Andes ne, a yammacin Kudancin Amurka. Babban birninsu Kusko, a ƙasar Peru ta yau, yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 3,400. Sunan da suka ba ƙasarsu Tawantinsuyu, wato sassa huɗu da aka haɗe. Tun wajen 1438 suka fara bunƙasa, kafin shekara ɗari ta cika mulkinsu ya miƙe kusan kilomita 4,000, daga kudancin Kolombiya har tsakiyar Chile, ya haɗa da Ekwado da Bolibiya da wani yanki na Ajantina. Da harshen Kechuwa suke mulki. Turawan Sifaniya sun kama sarki Atawalpa a garin Kahamarka ranar 16 ga Nuwamba 1532.

Me ya sa kusan duk sunayen matan nan da "Mama" suke farawa?

A Kechuwa ma mama uwa ce, kamar yadda kunnenmu ya saba, dacewa ce kawai. Sai dai sun faɗaɗa kalmar. Ana kiran babbar mace da ita don girmamawa, ana kuma kiran duk abin da wani abu ke fitowa daga cikinsa. Ƙasa uwa ce, teku uwa ce, har wurin da ake haƙo ma'adini ana ce masa uwa. Shi ya sa sarauniya da abar bauta suke amsa laƙabi ɗaya, kuma ba bisa kuskure ba: so ake a ji cewa daga tushe guda suke.

Wace ce macen farko a labarin asalinsu?

Nan labarin ya rabu biyu, kuma rabuwar tana da abin lura.

Wanda aka fi yayatawa ya ce Rana ta tausaya wa mutane da ke zaune cikin duhun kai, sai aka turo musu 'ya'ya biyu, Manko Kapak da 'yar uwarsa Mama Okllo, suka fito daga tafkin Titikaka riƙe da sandar zinariya. Aka ce musu duk inda sandar ta nutse cikin ƙasa, nan ne gida. Ta nutse a kwarin Kusko. Manko ya koya wa maza noma, Mama Okllo ta tara mata ta koya musu kaɗi da saƙa. Labari ne mai daɗin ji, ba jini ba tashin hankali.

Ɗayan ya fi tsufa a ganin masana da yawa, ya kuma fi ɗaci. A cikinsa 'yan uwa takwas ne suka fito daga wani kogo a Pakaritambo, kudu da Kusko: maza huɗu, mata huɗu. Matan su ne Mama Okllo, Mama Wako, Mama Kura da Mama Rawa. A nan Mama Wako ce tauraruwa. A wata ruwayar ita ta jefa sandunan zinariya don a gane ƙasar da ta dace da noma. Da suka iso suka tarar da mutanen Walla sun riga su zama, sai ta ɗauki makaminta, igiya mai dutse a baki, ta wurga wa mutum guda ya faɗi. Ta farke ƙirjinsa, ta zaro huhunsa, ta hura masa iska har ya kumbura, ta ɗaga shi sama kowa ya gani. Mutanen Walla suka ranta a na kare, suka bar musu kwarin.

Wannan macen dai ita ake dangantawa da shuka masarar farko a Kusko. Akwai gonar da ake kira Sawsero a bakin birni, kowace shekara da masararta ake yin giyar da ake kai wa gawarta. Mutanen da suka adana labarin ba su ga wani saɓani ba tsakanin hannun da ya farke ƙirji da hannun da ya binne iri. Ni a ganina, duk wanda ya ba ka labarin Mama Okllo mai mazari ya ɓoye maka Mama Wako, rabin gaskiya ya ba ka.

Wai a wurinsu watan da ke sama mace ce?

Mace ce, rana kuma namiji, akasin yadda harshenmu ya ɗauke su. Inti shi ne rana, uban sarakuna. Mama Killa ita ce wata, matarsa kuma 'yar uwarsa, uwar sarauniyoyi. Zinariya ta Inti ce, azurfa ta Mama Killa. A babban ɗakin bautarsu na Korikancha da ke Kusko an ware mata ɗakinta, bangonsa lulluɓe da azurfa, da faifan azurfa mai fuskar mace. Mata ne ke yi mata hidima. Da ita ake ƙirga watanni da lokutan bukukuwa, ita ake roƙo kan al'adar mata da aure da haihuwa. A tafkin Titikaka ma, kusa da Tsibirin Rana akwai Tsibirin Wata, kangon ginin da aka yi mata yana nan har yau.

Ranar da aka yi husufin wata, tsoro ke kama gari. Sun ɗauka wata dabba ce, damisar tsauni ko maciji, ta far mata, kuma in ta mutu sama za ta rufto. Sai a fito da ganguna da ƙahoni, a yi ta kururuwa, ana girgiza māsu zuwa sama, a daki karnuka don su yi haushi, har sai haskenta ya dawo.

To Pachamama fa, ita ce babba a cikinsu?

A fada, a'a. Inti da Wirakocha mahalicci da Illapa mai tsawa sun fi ta ɗakunan bauta da dukiya. Amma a gona babu kamarta. Pacha na nufin ƙasa, yana kuma nufin duniya da zamani. Pachamama ta girmi daular Inka nesa ba kusa ba, manoman Andes sun san ta tun kafin a kafa Kusko. Ba ta bukatar gini, domin ita ce abin da ake takawa. Manomi kan kafa dogon dutse a tsakiyar gona don ita, ya zuba mata giyar masara, ya binne mata ganyen koka, wani tsiro da mutanen Andes ke taunawa, ya roƙe ta albarkar shuka.

Kada a ɗauke ta uwa mai lallashi kawai. A fahimtarsu tana jin yunwa, tana fushi. Ka ci daga gare ta ba ka mayar ba, sai ta karɓa da kanta, ta hanyar fari ko ƙanƙara ko girgizar ƙasa. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ce tsakaninsu da ita, irin wadda manoman ke yi wa junansu da sunan ayni.

Ko yadda ake shuka ya nuna wannan tsari. Maza na jere suna huda ƙasa da garmar ƙafa, mata na biye suna fasa hoge suna zuba iri. Iri a hannun mace yake shiga ƙasa.

Har masara da dankali suna da uwa?

Suna da ita. Saramama uwar masara, Aksomama uwar dankali, Kokamama uwar koka, Mama Kocha uwar teku da tafkuna, wadda masunta ke roƙo kuma ake kai wa jan ƙwanson teku da suke kira mullu, abin da suke daraja ƙwarai.

Ta masara ce ta fi burge ni. Lokacin girbi, wajen watan Mayu, in aka ci karo da goyon masara da ya fita daban, ko tagwaye ne ko mai girma ko mai launi na musamman, ba a cin sa. Uwar gida za ta naɗe shi cikin mafi kyawun ƙyallen da take da shi, kamar jariri, a sa shi a ɗan ƙaramin rumbu, a kwana uku ana tsaron sa ana waƙa. Shi ne uwar gonar, shi ke riƙe da ƙarfin irin baɗi. Mutanen da ke noma a kan tsauni, inda sanyin dare ɗaya kan ƙone amfanin shekara, sun san abin da suke karewa. Dankalin nan ma da muke ce wa na Turawa, asalinsa daga gonakin Andes ne, Turawa dako kawai suka yi.

Mece ce Koya? Matar sarki ce kawai, ko tana da iko?

Sarki, wato Sapa Inka, yana da mata da ƙwaraƙwarai masu ɗimbin yawa, amma Koya guda ce. 'Yar sarki da ba ta yi aure ba ana ce mata nyusta, matar aure mai jinin sarauta palla. Koya ana ɗaukarta 'yar Wata kamar yadda mijinta yake ɗan Rana. Tana da gonakinta, bayinta, fadarta da ɗakunan bautar da take kula da su. Akwai wata guda a shekara, wajen Satumba, mai suna Koya Raymi, bikin sarauniya da Wata, wanda ya zo daidai da lokacin da ake tsarkake Kusko daga cututtuka kafin damina.

Ikon nata ya fi fitowa fili wajen gadon sarauta. Inka ba su da dokar cewa ɗan fari ne ke gado, don haka kowace mutuwar sarki tana buɗe ƙofar rikici, kuma dangin uwa su ne garkuwar ɗan sarki. Bayan mutuwar sarki Tupak Yupanki, wata matarsa mai suna Chuki Okllo ta so ɗanta Kapak Wari ya hau. Ɓangaren Koya, wata Mama Okllo mai sunan ta farko, ya yi rinjaye, ɗanta Wayna Kapak ya zama sarki yana yaro. An ruwaito cewa ta roƙe shi kada ya tafi yaƙin nesa, Kito ko Chile, muddin tana raye, kuma bai tafi ba sai da ya yi mata makoki.

Amma kada mu zarce. Babu wata Koya da ta hau gadon mulki ita kaɗai a jerin sarakunansu. Rundunoni da manyan hakimai a hannun sarki suke. Iko ne na gaske, mai iyaka.

Da gaske sarki ƙanwarsa yake aura?

A ƙarshen daular, e. Sarakunan farko 'ya'yan sarakunan maƙwabta suke aura don ƙulla zumunci: Mama Mikay matar Inka Roka daga mutanen Wayllakan take, Mama Runtu daga Anta, Mama Anawarki matar Pachakuti daga Choko. Auren Mama Mikay har yaƙi ya jawo, domin an riga an yi wa sarkin Ayarmaka alkawarinta. Mutanensa suka sace ɗanta, yaron da aka ce ya yi kukan jini, shi ne Yawar Wakak. Daga zamanin Tupak Yupanki ne aka tsayar da auren 'yar uwa ta ciki ɗaya, lokacin da Kusko ta fi ƙarfin neman surukai. Hujjar addini ita ce koyi da Rana da Wata. Hujjar siyasa kuwa, a rage masu da'awar gado. Talaka bai isa ya yi hakan ba, haramun ne a kansa.

Akwai macen da ta yi yaƙi a tarihi, ban da tatsuniya?

Ana ambaton Chanyan Kori Koka. Lokacin da mayaƙan Chanka, wata al'umma mai gaba da Inka, suka afka wa Kusko wajen 1438, ita ta jagoranci mutanen unguwar Chokos-Kachona suka kore su daga wannan ɓangaren. Akwai zanen zamanin mulkin Sifaniya a Kusko da ya nuna ta riƙe da kan abokin gaba.

Su wane ne "zaɓaɓɓun mata"?

Aklla ke nan, kuma nan ne zancen ke yin nauyi. Wani jami'i mai suna apupanaka yakan zaga ƙauyuka ya zaɓi 'yan mata masu kimanin shekara 10, kyawawa marasa tabo. Iyaye ba su da ta cewa. A kai su gidan da ake kira akllawasi, a ƙarƙashin manyan mata da ake ce wa mamakuna. A nan suke koyon saƙa kumbi, lallausan yadin da sarki ke sawa kuma yake kyauta da shi, da dafa giyar masara ta bukukuwa, da hidimar ɗakin bauta. Irin wannan gida yana kowane babban gari na daular. Na Kusko, a kan harsashinsa aka gina gidan mata masu zaman zuhudu na Santa Katalina.

Bayan 'yan shekaru sai a raba su. Wasu su zauna bautar Rana ko Wata har mutuwa, ba aure. Wasu su shiga gidan sarki. Wasu a ba da su kyauta ga jarumi ko hakimin da ake son riƙewa. Turawa da suka zo sun kwatanta su da matan zuhudun coci, kwatancen da ya ɓoye babban abu: da hannun matan nan ake saƙa tufar da ake sayen biyayya da ita, su kansu ma kyauta ne a hannun sarki. Suna da daraja, suna cin mai kyau, ana sunkuya musu, amma ba su suka zaɓa ba.

Kaɗan daga cikinsu kuma hadaya ake yi da su, a bikin kapakocha. A 1999 masu bincike Johan Reinhard da Constanza Ceruti suka tono gawawwakin yara uku a ƙolin tsaunin Llullaillako, mai tsayin mita 6,739, a iyakar Ajantina da Chile. Babbar cikinsu budurwa ce 'yar shekara 13 zuwa 15. Sanyi ya adana ta kamar jiya ta kwanta: tana zaune ta harɗe ƙafafu, kanta ya sunkuya kan ƙirji, gashinta an yi masa ƙananan kitso masu yawa, ganyen koka yana nan a bakinta. Binciken gashin ya nuna cewa kimanin shekara guda kafin mutuwarta abincinta ya sauya, daga cimar talaka zuwa masara da nama, kuma a watannin ƙarshe an yi ta ba ta koka da giya. Tana gidan tarihi a birnin Salta. Duk lokacin da na ga hotonta, kitson nake kallo, ina tunanin hannun da ya zauna ya yi shi ya san inda za a kai ta.

Ina ake kai sarauniya idan ta mutu?

Ba a binne ta. Ana busar da gawarta kamar ta sarki, a ci gaba da yi mata sutura, a kai mata abinci, a fito da ita dandali ranar biki. Gonakinta na nan da sunanta. Zuriyar kowane sarki, da ake kira panaka, ita ke ɗauke da wannan hidima, kuma a cikin kalmar akwai pana, wato 'yar uwar namiji.

A 1559 alƙalin Kusko, Polo de Ondegardo, ya farauto gawawwakin da aka ɓoye. Garcilaso de la Vega, saurayi ɗan wata gimbiyar Inka, ya gan su a gidan alƙalin a 1560: maza uku da mata biyu, waɗanda ya ce Mama Runtu ce da Mama Okllo. Suna zaune, hannuwa a harɗe kan ƙirji, ido a ƙasa, ko gashin gira bai zube ba. Da aka bi da su titi a lulluɓe da fararen mayafai, mutanen gari suka yi ta durƙusawa suna kuka. Daga nan aka aika da su Lima.

Me ya sami matan sarauta da Sifaniyawa suka zo?

Tun kafin su iso wuta ta riga ta kama gidan. A yaƙin basasa tsakanin 'ya'yan Wayna Kapak, kwamandojin Atawalpa sun karkashe matan ɗan'uwansa Waskar da 'ya'yansa a gaban idonsa. Waɗanda suka tsira suka faɗa hannun baƙi, da suka gane da wuri cewa mace mai jinin sarauta ƙofa ce ta samun ƙasa da ma'aikata.

Kispe Sisa, ƙanwar Atawalpa, shi da kansa ya ba Francisco Pizarro ita. Aka yi mata baftisma da sunan Inés, ta haifi Francisca a 1534. Mahaifiyarta Kontarwacho shugaba ce a yankin Waylas, kuma lokacin da mayaƙan Inka suka kewaye Lima a 1536 ta turo dakaru don taimakon surukinta. Duk da haka Pizarro ya aurar da Inés ga wani baransa, ya raba ta da 'ya'yanta. Francisca ta ƙare a Sifaniya, matar baffanta Hernando Pizarro.

Kura Okllo ita ce Koyar Manko Inka, wanda ya tayar wa baƙin. Gonzalo Pizarro, ƙanen Francisco, ya matsa sai an ba shi ita tun suna Kusko. A 1539 aka kama ta a wani farmaki. Ɗan Manko ya ruwaito cewa a hanya ta shafe jikinta da ƙazanta don kada sojoji su kusance ta. Da Manko ya ƙi miƙa wuya, Francisco Pizarro ya sa aka ɗaure ta a turke, aka yi mata bulala, aka harbe ta da kibau. Suka sa gawar a kwando suka sake ta cikin kogi don ruwa ya kai wa mijinta. Ko a cikin Sifaniyawan akwai waɗanda suka rubuta cewa wannan aiki abin kunya ne.

Wata 'yar Wayna Kapak, Beatriz, an matsa mata ta auri wani soja da aka ce tela ne a da. Da aka tambaye ta a gaban limamin coci ko ta yarda, ta amsa da Kechuwa: "Ichach munani, ichach mana munani." Wato wataƙila ina so, wataƙila ba na so. Aka ɗaura auren a haka. Ita kuwa Beatriz Klara Koya, magajiyar gonakin kwarin Yukay, an ba da ita ga Martín García de Loyola, mutumin da ya kamo baffanta Tupak Amaru, sarkin Inka na ƙarshe, aka sare masa kai a 1572.

Tunda ba su da rubutu, ta ina muka san duk wannan?

Suna da kipu, igiyoyi masu ƙulle-ƙulle na adana lissafi, da waƙoƙin tarihi da kowace zuriya ke haddacewa. Abin da ya iso mu a takarda, bayan faɗuwar daular aka rubuta shi, galibi da alƙalamin maza Kiristoci, kowa da abin da yake son tabbatarwa. Sarmiento de Gamboa, a 1572, aikinsa ya nuna Inka azzalumai ne, don haka labarin huhu ya yi masa daɗi. Garcilaso, a 1609, yana kare dangin uwarsa Chimpu Okllo, don haka ya zaɓi mai laushi. Guaman Poma ɗan ƙasa ne, ya zana sarauniyoyi 12 ɗaya bayan ɗaya wajen 1615, amma ya kira Mama Wako matsafiya.

Sai dai in ka kasa kunne, muryar mata na ƙarƙashin takardun. Juan de Betanzos, wanda ya fara rubutunsa wajen 1551, matarsa ita ce Kusirimay Okllo, wadda aka aurar wa Atawalpa tana yarinya, Pizarro ya ɗauke ta daga baya. Daga bakin danginta ya ji yawancin abin da ya rubuta. Garcilaso ma a zauren mahaifiyarsa ya ji nasa, wurin tsofaffin da ke zuwa gaishe ta.

Akwai abin da ya rage yau?

Inti ya rasa ɗakinsa, a kan bangon Korikancha cocin Santo Domingo ke tsaye. Mama Killa ma ta dushe tare da fadar da ke riƙe da ita. Pachamama ce ta tsira, domin ba ta da ginin da za a rusa. A wurare da yawa ta shige cikin siffar Maryamu: akwai zanen ƙarni na 18 a Potosi, a Bolibiya, inda rigar Maryamu ita ce tsaunin azurfar garin kansa. Kundin tsarin mulkin Ekwado na 2008 ya ambaci Pacha Mama da suna, ya ba halittu haƙƙi a gaban doka, Bolibiya ma ta yi dokar haƙƙin Uwa Ƙasa a 2010.

A ƙauyukan Peru da Bolibiya da arewacin Ajantina, watan Agusta nata ne. Ana cewa a lokacin bakinta a buɗe yake, tana jin yunwa bayan rani, ga shuka na tafe. Ranar 1 ga wata iyali kan haƙa rami a tsakar gida ko a gona, a turara wurin, a durƙusa bibbiyu, mace da namiji, a zuba dafaffen abinci da masara da ganyen koka da kitsen dabbar lama da giya, sannan a rufe ramin a ɗora duwatsu don a gane wurin baɗi. Ko a sauran ranaku, wanda aka miƙa wa abin sha yakan fara ɗiga kaɗan a ƙasa kafin ya kai baki.